Tsohuwar GP 3500 da busta: zai sa in ji zinariyar da ta yi zurfi?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka riƙe na'urar neman zinariya da hannunsu, da kuma masu gyaran kayan lantarki.

Na'urar da ke hannuna Minelab GP 3500 ce. Yayana ya saye ta a Agadas a 2014, lokacin da labarin zinariyar Jado, can arewacin Nijar, ya tashi kowa ya ɗaura kaya, kuma ko a lokacin ta hannu ce, ta sha aiki. Da gwamnati ta rufe Jado a 2017 ya dawo Maraɗi ya koma kasuwancinsa, ya bar mini ita. Ni manomi ne. In an gama girbin gero da wake aka zuba a rumbu, sai in bi abokaina mu yi arewa wajajen Ayar, mu dawo kafin zafi ya tsananta. Rami ba na shiga. Tun abin da ya faru a Garin Liman kusa da Ɗan Isa a Nuwamba 2021, inda rami ya rufta da mutum 18, Allah ya jiƙansu, mahaifiyata ta ce in dai zinariya ce to daga sama zan neme ta, na kuma yi mata alkawari. Don haka wannan na'ura ita ce hanyar abincina na rani.

Duk wanda ya je can cikin ƴan shekarun nan ya san yadda wuraren suka koma. An tattake su, na sama-sama an kwashe, abin da ya rage ya yi ƙasa. Bara wani abu ya faru da ya tsaya mini a rai. Wani bawan Allah mai GPX 5000, na'urar Minelab da ta fi tawa sabunta, ya tsaya a gindin wani tudu inda na riga na bi da safe. Kafin ya sa diga ya yi mini kirki, ya kira ni ya ce in ɗora tawa in ji. Na ɗora faifai, wato kan na'urar da ake ja a bisa ƙasa, na ja shi hagu da dama a hankali. Ɗan ƙugin nan da na'ura ke yi ba yankewa, kamar ya ɗan motsa, kamar bai motsa ba, na kasa rantsewa. Sai wani yaro da muke tafiya tare, bai fi shekara ashirin ba, ya karɓi kaskena, wato abin jin sautin na'urar, ya sa a kunne, ya ce ai ga shi nan yana ji sarai, ƙugin yana sauka yana hawa. Aka haƙa kusan kamu ɗaya, aka fito da ƙwaya mai giram 6.

Ya kamata ku san halin kunnena. Ina saurayi na yi shekaru a ɗakin injin niƙa, kunnen hagu ya yi nauyi, da dare in gari ya yi tsit ina jin yana ƙara shi kaɗai. Kasken na'urar na asali kuma ya daɗe da karyewa. Wanda nake sawa yanzu irin na sauraren waƙa ne da na saya a Babbar Kasuwa, na haɗa shi da ɗan kan da ke mai da ƙaramin fish, wato bakin wayar da ake sokawa, ya zama babba.

To wani mai sai da kayan masu zinariya ya nuna mini ɗan akwati baƙi, yana cin batir mai bolt 9, maɓallin murɗawa ɗaya gare shi, ya ce busta ne, wato abin ƙara ƙarfin sauti. A sa shi tsakanin batirin na'ura da kaske. Ya ce zai ƙara mini rabin zurfin da nake samu, har in kamo masu GPX. Jikka 30 yake so. A wajena kuɗi ne masu yawa, kuma GPX 5000 ko GPZ 7000 ba su cikin lissafina ko a mafarki.

Abin da nake son sani: da gaske busta yana ƙara zurfi? Zai iya lalata na'urar? In kuma akwai abin da ya fi shi amfani da kuɗin nan, ku faɗa mini don Allah.

Mai Rediyo Sabon Gari:

Wa alaikumus salam ƙanena. Na daɗe ina gyaran rediyo da ampili, kuma tun zamanin Jado ake kawo mini na'urorin nan in duba. Amsar tambayarka tana cikin labarin da ka bayar. Yaron ya ji, kai ba ka ji ba, da na'ura ɗaya da kaske ɗaya. Ke nan na'urarka ta ga zinariyar. Inda aka yi asara tsakanin na'ura da kunnenka ne, kuma a nan ne kawai busta yake aiki.

Maganar ƙarin rabin zurfi ba gaskiya ba ce. GP tana tura lantarki cikin faifai ta yanke shi farat ɗaya, sannan ta saurari ɗan abin da ƙarfen da ke ƙasa ya mayar mata, tana maimaita haka sau da yawa cikin daƙiƙa. Ƙarfin yana raguwa wajen zuwa, ya sake raguwa wajen dawowa. Ga ƙaramin abu mai nisa da faifai, in nisan ya ninka biyu, abin da ke dawowa yana iya raguwa har sau 64. In ka yi lissafin, ƙarin rabin zurfi yana buƙatar sigina ta ninka sau 11 da ɗoriya, kuma hayaniya ta tsaya inda take. Busta ba ya taɓa faifai, ba ya taɓa cikin na'ura. Sautin da ya riga ya fito shi yake ɗagawa, mai kyau da marar kyau gaba ɗaya. Ka kama tasha mai nisa a gajeren zango da dare ka ƙure murya: maganar ta ƙaru, shuuu ɗin ma ya ƙaru. Wanda kunnensa ya yi nauyi zai amfana, amma maganar da eriya ba ta kamo ba ba za ta fito ba.

Na'urar ba zai lalata ta ba muddin da batirin kansa yake aiki kuma a ramin kaske aka sa shi. Wanda nake tsoro shi ne irin da ake cewa a yanke wayar wuta a jona shi ya ci daga batirin na'ura. Wannan kada ka bari kowa ya yi maka.

Kafin ka fitar da ko dala, ga inda zan fara in ni ne. A GP sauti yana bi ta cikin wayar nan mai murɗe-murɗe ya je kan batiri, a can ramin kaske yake. Wayar in ta tsufa, ko ƙura ta shiga bakinta mai haƙori huɗu, sai ƙugin ya dinga ɓarɓarewa, kuma busta zai ƙara maka wannan ɓarɓarar ne. Kunna na'ura, ka ajiye faifai bai motsi, ka girgiza wayar. In sauti ya canza, ga mai laifi nan. Sai batirin, mai bolt 6 ne. Lafiyayye in ya cika ya huta yana nuna wajen 6.3 zuwa 6.4 a mita. Sai kuma kaskenka. Na sauraren waƙa an yi shi ne don ganga ta yi daɗi, ba ya rufe kunne, iskar hunturu tana shiga ta ko'ina, ga ɗan kan nan na haɗi da ke kwance-kwance. Kasken da Minelab ta riƙa sakowa da na'urorin nan Koss ne mai om 100, mai rufe kunne ruf. Sau da yawa canjin kaske kaɗai ya fi busta tasiri.

In duk wannan ya yi daidai kana son busta, abu ne mai sauƙi. Da yawa daga cikin ƙananan akwatunan nan LM386 ne a ciki, ƙaramin abu mai ƙafa takwas da muke sawa a rediyo. Da kansa yana ɗaga sauti sau 20, in an sa kwandansa tsakanin ƙafa ta 1 da ta 8 ya kai sau 200. Masu son burge mai saye suna sa shi a 200, sai ka ji ƙara kamar me a shago, amma shi kansa yana huci a wannan matakin, hucin kuma ya binne ɗan motsin da kake nema. Sau 20 ya ishe ka.

Yadda ake saita shi ya fi sayensa muhimmanci. Maɓallin da aka rubuta Volume a GP iyaka yake sa wa ƙarar babban abu. Sai ka rage shi, ka ɗaga busta, yadda ƙaramin sauti zai taso amma gwangwani ko ƙusa a sama ba za su fasa maka kunne ba. Sannan ka sake rage Threshold, maɓallin ƙugin nan, har ƙugin ya koma ƙasa-ƙasa, ana jin shi amma bai cika kunne ba. In ka bar shi da ƙarfi, sigina mai zurfi ɓacewa take a ciki.

Abu biyu ka guje musu. Ƙananan allunan ampili irin PAM8403 da ke cikin sifikun caji suna yanka wuta da sauri ƙwarai, na'ura mai jin ƙwaƙwaf kamar GP tana iya kamo su ta rikice. Kasken Bluetooth na waya kuma yana jinkirta sauti, sai ka ji sigina bayan faifai ya wuce wurin, ka haƙa gefe.

Bambancinka da mai GPX ba a murya kaɗai yake ba. GPX 4500 ta 2008 da GPX 5000 ta 2010 suna da ampili a cikin batirinsu, amma abin da ya fi shi ne saitin da ke kwantar da hayaniyar ƙasa mai ƙarfe, wanda GP ba ta da irinsa. Wannan babu akwatin da zai ba ka shi.

Baba Na Tibiri:

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa neman albarka. Malam mai rediyo ya gaya maka gaskiya, amma ni ba zan ce ka yar da zancen busta ba, don na ci moriyarshi. Da GP 3000 na fara, ƙanwar taka ce ko in ce yayarta, kuma ita ma ba ta da sifika sai kaske. In rana ta take a wajen nan, kaske mai ruhe kunne azaba ne, zuhwa tana zuba, kai yana sarawa. Ga shi ba ka jin abin da ke bayanka, ko maciji ne ko mutum, kuma ka san daji ba lahiya kullum ba. Saboda haka munka koma sa ƙananan sifiku biyu bisa kahwaɗa, ɗaya dama ɗaya hagu. GP ba ta iya tura sifika da kanta yadda ya kamata, dole sai da busta. Wanga shi ne babban amhwaninshi a wajena. In iska ta taso kuwa sai in mai da kaske, don iska tana kwashe sautin sifika.

Amma zinariya mai zurhi, abin da ke kawo ta hannu ne da haƙuri. Yaran yanzu suna kaɗa faifai da gudu, faifan yana sama da ƙasa da yatsa huɗu, in ya kai ƙarshen kaɗawa ya tashi sama. Yatsa huɗun nan daga zurhinka anka cire su. Ka bar faifai shina shafar ƙasa, ka tahi sannu, kowane ja ya hau rabin na baya. Taka tana da ɗan maɓallin nan bisa mariƙi na daidaita ta da ƙasa. Ka yawaita danna shi kana ɗaga faifai kana saukewa har ta yi shiru, musamman in launin ƙasa ya sake. Maɓallin Boost ka gwada shi bisa Deep, wato saitin mai zurhi. In kun yi yawa wuri guda, ka ja nesa da sauran na'urori ka sake Tune, wato saitin da ke kauce ma katsalandan ɗinsu, kuma wayar salula ka kashe ta ko ka bar ta tanti.

Sautin mai zurhi ba ya kuka. Ƙugin ne ke ɗan nutsewa, da faɗi, a hankali. In ka ji haka, ka share ƙasar sama da ƙahwa kamar yatsa uku ka sake bi, ka kuma bi ta gicciye. In zinariya ce ko wani ƙarhe, sautin zai ƙaru ya tsaya wuri guda. In ƙasa ce ke maka ƙarya, zai baje ko ya gudu. Da busta irin wagga ƙaryar tana yawa, ka shirya ma haƙa banza kahin kunnenka ya saba. Ni na hi jin na'ura ta natsu da asuba zuwa hantsi, in duwatsu sunka ɗau zahi sai ta kama surutu.

Wane faifai ke gare ka? In mai inci 11 ɗin nan ne da ta zo da shi, to kuɗinka ka tara su ka nemi faifai irin da ake ce ma mono, mai inci 14 ko sama. Shi ne ke ƙara zurhi da gaske ga manyan ƙwayoyi, ko da yake ƙanana ƙwarai za su riƙa wuce ka kuma hannu zai gaji. Ka dai yi hankali da jabu, sun cika kasuwa.

In za ka gwada bustan, ka sani rairayin Maraɗi ba shi da hayaniya. Komi ka gwada a jigawa zai yi maka kyau. Ka nemi wuri mai marmara da jar tsakuwa, shi ya ɗan yi kusa da abin da za ka tarar can.

Ƴar Zariya:

Malam, ni ba na neman zinariya, ma'aikaciyar lafiya ce, amma maigidana yana zuwa, shi ya nuna mini wannan magana. Abin da ya dame ni kunnenka ne. Nauyin da kake ji da ƙarar nan ta dare alama ce injin niƙa ya riga ya yi ɓarna. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan gasu da ke karɓar sauti, wanda ya mutu a cikinsu ba ya sake tsirowa. Ma'aunin da ake bi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Mai busta a kunne yana yini da shi, kuma duk lokacin da faifai ya hau gwangwani ƙarar tana dukan kunnen kai tsaye. In ka ƙure shi don kunnen hagu ya ji, na daman da kake dogaro da shi ne zai biya.

Don Allah kafin ka tafi ka je a leƙa kunnuwan. Wani lokaci datti ne ya toshe, musamman ga masu aiki cikin ƙura, a wanke cikin ɗan lokaci mutum ya ji duniya ta buɗe. Kada ka sa tsinke ko ashana. In da hali a yi maka awon ji, a gaya maka irin sautin da kowane kunne ya fi kamawa. Ƙarar inji ta fi cin siririn sauti, don haka ka murɗa maɓallin Tone a hankali ka tsaya inda ka fi ji, maimakon ƙara ƙarfi. In ka cire kaske da yamma ka ji kunne ya yi dum ko ƙarar ta ƙaru, to ka wuce iyaka ranar.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Na bi maganarku kafin in dawo.

Hajiya, na je an duba. Kunnen dama, wanda nake ganin lafiyayye, shi aka samu da toshiya aka wanke. Na hagu an ce sai dai a kiyaye abin da ya rage.

Malam mai rediyo, wayar tana da laifi. Da na girgiza ta kusa da batiri sai ƙugin ya dinga tsalle. Na goge bakin na ɗaure, ya ragu amma bai daina ba, sai na kawo maka ita. Na ari kasken asali wajen wani abokina mai GPX, mai akwatin kuma ya yarda ya ba ni shi in gwada.

Baba, na bi shawararka, ban yi a jigawa ba. Akwai wani fako mai jar tsakuwa bayan gonarmu a hanyar Dakoro, babu wayar lantarki kusa. Na ba ƙanena gutsattsarin darma masu nauyi ɗaya, ya binne su a zurfi daban-daban ba na wurin, ya kuma tona wasu ramukan ya mayar da ƙasa babu komai a ciki, don kada idona ya taimaki kunnena. Da tsohon kaskena na tsaya a na santimita 25. Da kasken aro na ji na 30, amma sai na bi na sake bi. Da aka sa busta, na 30 ɗin ya fito fili tun jan farko, ba shakka a ciki. Na 35 ban same shi ba ko da me. Kuma da busta na nuna wani wuri na ce akwai, ashe ramin banza ne, kamar yadda ka faɗa. Akwatin yana huci ko na'ura tana kashe, da alama irin mai 200 ɗin nan ne, na mayar masa da abinsa.

Duk da haka ina son busta, domin bambancin da ya yi a na 30 shi ne daidai abin da ya wuce ni bara. Malam, za ka iya haɗa mini mai natsuwa? Kuma a ina zan rataya shi? Faifan nawa mai inci 11 ne, in Allah ya hore bana zan nemi mai 14.

Mai Rediyo Sabon Gari:

Zan haɗa maka ƙanena. Zan bar shi a sau 20, in sa diyod biyu masu kallon juna kafin maɓallin ƙarshe su datse duk ƙarar da ta wuce kima, ko da ka manta ba ka rage Volume ba. Tunda kunnuwanka ba ɗaya suke ba, kowane ɓangare zan ba shi maɓallinsa, ka ɗan ɗaga hagu ba tare da ka dami dama ba. Zan fitar da rami na biyu don sifikun kafaɗa irin na Baba.

Rataya shi a sama, kan maɗaurin kafaɗa, ɓangaren da ba ka riƙe na'ura. Batirinsa ƙarfe ne, sifika kuma da maganaɗisu a ciki, in suka sauko wajen ƙugu babban faifai zai dinga jin su duk lokacin da ka sunkuya. Wayar da za ta haɗa shi da batiri mai garkuwa zan sa, gajera, ka ɗaure ta kada ta yi lilo. Ka tafi da batir mai bolt 9 na ajiya, domin in ya fara sanyi sautin yana dishewa. Ka zo da na'urar gaba ɗaya har da caja, in duba wayar murɗen in auna batirin a kan aiki, in ya so mu je fakon naka tare mu saita shi a kan darmar da ke binne.